Daga Tsaunin Sagadi zuwa Ƙofar Zaure: Lacca kan Adana Garuruwan da Madatsar Sinnar ta Raya

 

Maganar da aka ɗora mini yau ita ce ta adana tsofaffin unguwanni, musamman waɗanda aikin fasa dutse ya zama sanadin kafuwarsu ko bunƙasarsu. Na zaɓi in kai ku ƙasar Sudan, tsakanin Farin Nil da Shuɗin Nil, inda ake kira Jazira, da kuma garuruwan da ke jere a gaɓar Shuɗin Nil daga Sinnar zuwa Rusairis, inda Hausawa da Fulani suka haura shekara 100 da zama. Hujjata guda ce. Tsaunin da aka fasa, da madatsar da aka gina da duwatsunsa, da magudanan da suka fito daga madatsar, da ƙauyukan mutanen da suka yi wannan aiki da hannunsu, duka tarihi ɗaya ne, kuma duk tsarin adanawa da ya ɗauki bangon madatsa ya bar gidajen ma'aikata ya adana rabin gaskiya ne kawai. Daga nan ne zan nuna cewa a irin waɗannan garuruwa adanawa tana farawa ne daga tabbatar wa mazauna haƙƙin zama, kafin a zo kan yaɓe da fenti.

Mu fara da ƙasar kanta. Jazira fili ne shimfiɗaɗɗe na baƙar laka, wadda ke tsattsagewa da rani ta kumbura da damina. Mutum zai yi tafiyar yini a cikinta bai ga dutsen da zai kafa murhu ba. Dutse sai a 'yan tsaunukan da suka ɓullo tsakiyar filin a yamma da Sinnar, irin su Jabal Moya da Sagadi. Tsaunukan nan mazaunin mutane ne tun da daɗewa, domin tonon da Bature Henry Wellcome ya sa aka yi a Jabal Moya daga 1910 zuwa 1914 ya fito da kaburbura kusan 3,000, kuma gidan da ya gina can da manyan duwatsu yana tsaye. To, sa'ad da masaƙun Lankasha a Ingila suka matsu da neman auduga mai dogon zare, aka gwada noman ban-ruwa a Tayyiba a 1911, majalisar Ingila ta lamunce bashin fam miliyan 3 a 1913, aka soma aikin madatsa a ƙauyen Makwar a 1914. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsayar da aikin, aka koma bayan yaƙi, kamfanin Pearson ya kammala shi a 1925. Bango ne mai tsawon kusan kilomita 3, na dutse da siminti, kuma dutsen daga Sagadi aka faso shi, jirgin ƙasa ya riƙa kwasowa zuwa bakin kogi. Wannan bango shi ya ɗaga ruwan Shuɗin Nil ya tura shi cikin babbar tur'a, wato babbar magudana, daga nan zuwa ƙananan magudanai, har zuwa Abu Ishirin da Abu Sitta da ke shiga gona. Da aka ƙara yankin Manaƙil daga ƙarshen shekarun 1950, filin ban-ruwan ya zarce faddan miliyan 2, ya shiga sahun mafi girma a duniya a ƙarƙashin hukuma ɗaya.

Yanzu sai mutanen. Hanyar hajji ta ƙasa, daga Kano da Barno ta Wadai da Darfur da Kurdufan zuwa Sinnar da Sawakin, ta girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. Abin da ya mai da ɗigon matafiya ya zama kwararo shi ne faɗuwar Sakkwato a 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira zuwa gabas, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na wannan shekara, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da jama'ar da ta rage. Suka sauka a ƙauyen Shehu Talha a gaɓar Shuɗin Nil, sa'an nan wajen 1906 suka kafa garin da har yau ke amsa sunan Mai Wurno, 'yar tafiya kudu da Sinnar. Ke nan garin ya riga madatsar, amma madatsar ce ta sauya masa rayuwa, domin aikin gini da na haƙar magudanai, da noma da cirar auduga da suka biyo baya, sun buƙaci hannuwa masu yawa, kuma mutanen yamma, waɗanda Sudaniyawa ke kira Fallata ko Takarir, suna cikin waɗanda suka cike wannan gurbi tare da leburori daga Masar da sauran sassan Sudan. Alhaji mai niyyar Makka ya tsaya ya yi kaka ɗaya don ya tara guzuri, kaka ɗaya ta zama goma, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya. Mai Wurno ta zama zango, daga cikinta aka riƙa fita ana kafa sababbin ƙauyuka a gaɓar kogi zuwa kudu. Masana sun rubuta wannan: Mark Duffield ya yi littafi kan Mai Wurno a 1981, C. Bawa Yamba ya yi kan mahajjatan da suka zauna a 1995, Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Hartum kuwa ya nazarci yadda Fulatanci da Hausa suka rayu a tsakiyar Larabci.

Amma tsarin Jazira bai raba wa kowa daidai ba, kuma nan ne tushen matsalar adanawa. Gwamnati ta karɓi ƙasa haya daga masu ita, ta yanka ta hawasha-hawasha, wato gona-gona, ta ba manoma, su ɗauki kashi 40 cikin 100 na ribar auduga, gwamnati da kamfanin Sudan Plantations Syndicate su raba saura, har 1950 da hukumar Jazira mai hedikwata a Barakat ta karɓi ragama. Da kasuwar auduga ta faɗi a farkon shekarun 1930 manoma da yawa suka bar hawashoshinsu, mutanen yamma suka riƙe wasu, amma da kasuwa ta farfaɗo sai ƙofar ta soma rufewa. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta gindaya cewa kakannin mutum su kasance a Sudan tun ƙarshen 1897, kun ga ke nan jama'ar Mai Wurno da suka iso bayan Burmi sun faɗa waje da layin, sai daga baya aka sassauta. Dokar 1970 kuma ta mai da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati. Sakamakon haka ya zama matsugunai iri biyu. Akwai tsofaffin garuruwa na bakin kogi masu sarauta da masallacin Juma'a da kasuwa. Akwai kuma kambo, jam'insa kanabi, wato sansanonin leburori da aka bari su tsugunna a gefen tur'a a kan ƙasar hukuma, Hausawa da Barebari da mutanen Darfur da wasunsu, inda zuriya ta uku da ta huɗu ke zaune ba takardar fili, da yawansu ba makaranta ba ruwan sha sai na magudana.

Me ke nan za a adana? A tsauni, akwai fuskar dutsen da aka fasa da sawun layin dogon da ya kwashe shi. A kogi, akwai madatsar, wadda laka ta riga ta cinye fiye da rabin kubik mita miliyan 930 na ruwan da aka gina ta don ta riƙe. A gari kuwa abin adanawa ya fi bango yawa. Akwai tsarin unguwa, yadda gidajen dangi ɗaya ke haɗuwa, da zauren da ke raba baƙo da cikin gida, da fadar sarki, da masallaci, da makarantar allo da Sudaniyawa ke kira halwa, da maƙabartar da ke ɗauke da mutanen da aka haifa a Sakkwato da Kano da Haɗeja, da lambunan gaɓa da ake nomawa in ruwa ya janye. Akwai littattafai na hannu da wasiƙu da takardun haraji da ke cikin akwatunan tsofaffi. Akwai harshen kansa, da sunayen unguwanni waɗanda ke faɗa maka daga inda mutanensu suka taso. Waɗannan su ne shaidar cewa audugar da ta ciyar da baitulmalin Sudan shekara da shekaru ba da kanta ta tsiro ba.

Duniya ta riga ta amince da wannan hanyar tunani. A 2021 hukumar UNESCO ta sa yankin fasa dutsen rufin gida na arewa maso yammacin Wales cikin kayan gadon duniya, kuma abin da aka yi wa rajista ya haɗa ramukan da aka fasa, da layukan dogo, da tashoshin jirgin ruwa, da garuruwan mafasa irin su Bethesda da Blaenau Ffestiniog, da majami'unsu da ƙananan gidajensu, har da tarihin yajin aikin Penrhyn na 1900 zuwa 1903. Sun gane cewa rami ba ya ba da labari in babu mai haƙa. Mu ma a gida muna da darasin, sai dai ta bayan hannu. Tsohon birnin Kano cike yake da kududdufai, kuma kowane kududdufi mahaƙa ce, daga nan aka ɗebi ƙasar da aka gina gidajen unguwa da badala. Da aka ɗauke su wuraren banza aka riƙa cikewa ana yanka filaye, sai ruwan sama ya rasa mazauni ya koma cikin ɗakunan mutane. A Sudan ɗin kanta ga Sawakin, birnin da aka gina da dutsen murjani, tashar da kakanninmu ke hawa jirgi zuwa Jidda. Ba yaƙi ya rushe shi ba. Da aka buɗe Port Sudan a 1909 ciniki ya ƙaura, masu gidaje suka bi ciniki, yaɓe ya tsaya, gidaje masu benaye suka zube ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar Sinnar ma, hedikwatar daular Funj daga 1504 zuwa 1821, ta zama kufai, sunanta ya ƙaura zuwa Makwar inda aka yi madatsa. Abin da misalan nan ke nunawa shi ne gini yana rayuwa ne muddin akwai mai zama a ciki wanda ya tabbata gobe ma nasa ne.

Na san akwai masu ja, kuma jayayyarsu tana da nauyi. Na farko zai ce: malam, ka kawo maganar dutse, amma gidajen Mai Wurno da na kambo na laka ne da jan bulo da ciyawa, kuma ɗakin da ake sake yaɓewa kowace shekara ina tsufansa? Amsa ita ce tsufan gini ba a kayan gini kaɗai yake ba. Tsakiyar birnin Agadas ta shiga kayan gadon duniya a 2013, Jenne ta shiga tun 1988, duka ginin ƙasa ne, kuma yaɓen shekara-shekara shi ne abin da ya raya su. Abin da ya daɗe a irin waɗannan wurare shi ne shatar gida da lungu da ilimin magina. Ita ma dokar Sudan tana tare da mu, domin dokar kare kayan tarihi ta 1999 ta ɗauki shekara 100 a matsayin ma'auni. Mai Wurno ta cika wannan sharaɗi tun 2006, madatsar Sinnar ta cika shi a 2025. Wuraren tarihi biyu da Sudan ke da su a jerin UNESCO, Jabal Barkal da Marawi ta dalar sarakuna, duk na zamanin Kush ne. Tarihin ƙarni na 20, wanda shi ya ƙera Sudan ta yau, har yanzu bai sami mazauni ba a wannan jeri.

Na biyu zai ce: ana yaƙi, kana maganar bango? Tun Afrilun 2023 Sudan ke cikin wuta. Dakarun RSF, masu yaƙi da sojan Sudan, sun kama Wad Madani a Disamban 2023, suka kama Jabal Moya da Sinja a tsakiyar 2024, soja suka ƙwato su kafin ƙarshen shekarar, suka koma Madani a Janairun 2025. An wawashe Gidan Tarihi na Ƙasa a Hartum. Miliyoyin mutane sun bar gidajensu. Babu mai hankalin da zai fifita yaɓe a kan abinci da magani, ni ma ban ce a yi haka ba. Amma ku dubi abin da ke faruwa bayan kowace tarzoma: mai gudun hijira ya dawo, ya tarar da wani a filinsa, aka ce ina shaidarka? Taswirar unguwa, da jerin gidaje da sunayen masu su, da hoton maƙabarta da masallaci, su ne takardun da za su mai da shi gida. Wannan aiki ba ya cin kuɗin da zai hana sayen buhun dawa, wayar hannu da takarda da dattawan unguwa sun isa a fara. Sa'an nan sake gini bayan yaƙi ya kan zo da gaggawa, da katafila da sabon zane daga ofis, kuma abin da ba a rubuta ba kafin katafila ta iso ya tafi ke nan. Don haka lokacin yaƙi shi ne lokacin rubutawa.

Na uku ya fi kowa ƙarfin hujja. Zai ce: kambo ba abin alfahari ba ne, wurin talauci ne da tsargiya da zazzaɓin sauro, kuma masu fafutukar kanabi gidaje masu tsari da takardar fili suke nema, ba su nemi a mai da su gidan kallo ba. Gaskiya ne, kuma an ga irin wannan kuka a Jenne, inda mazauna suka koka cewa ƙa'idojin adanawa sun hana su gyara ɗakunansu yadda zamani ke buƙata. Duk adanawar da za ta ce wa uwa kada ta sa siminti a ɗakin da ke yoyo a kan 'ya'yanta zalunci ce. Shi ya sa na ce haƙƙin zama ne farko. Wanda ba shi da tabbacin fili ba zai sa jan bulo ba, ba zai haƙa shadda mai kyau ba, ba zai dasa itace ba, domin bai san ranar da za a ce ya tashi ba. Talaucin ginin kambo ɗa ne na rashin takarda. A ba shi takarda a inda yake, a kawo ruwa da makaranta, a bar shi ya inganta gidansa da abin da ya ga dama, a kare abubuwa kaɗan waɗanda jama'ar da kansu suka zaɓa: masallacin farko, maƙabarta, shatar lunguna, sunan wuri. Inda kambo ke kan hanyar ambaliya dole a matsa, to a rubuta shi kafin a matsa, a matsar da jama'ar tare, kada a warwatsa su.

Na huɗu zai yi magana a hankali, ya ce: ka san abin da ya faru a jihar Shuɗin Nil a 2022. A watan Yuli rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da maƙwabtansu bayan takaddama kan sarautar gargajiya da ƙasa, aka kashe fiye da mutum 100 a yankin Rusairis da Damazin da kewaye, a watan Oktoba kuma aka kashe kimanin 200 a Wad al-Mahi. A Janairun 2025 aka kai hari Kambo Tayyiba a Jazira, ƙungiyar Human Rights Watch ta tabbatar da kisan mutum 26 aƙalla. Ashe kafa alluna ana cewa nan tarihin Hausawa ne ba zai zama zuba fetur a wuta ba? Zai zama, in aka yi shi da sunan ƙabila. Amma tarihin da nake kira a adana ba na ƙabila ɗaya ba ne. Madatsar nan Basudane da Bamisire da mutumin yamma suka gina ta. Hawasha ta Balaraben Jazira ce, hannun da ya cire audugar na Bahaushe ne ko Bazaghawe ko Banube. Ƙasar da Mai Wurno ya sauka a kai masu ita ne suka karɓe shi, kuma sunan Shehu Talha yana cikin labarin tun shafin farko. Idan aka rubuta tarihin da haka, da Funj da Hamaj da Barta a wurinsu na masu ƙasa tun fil azal, da waɗanda suka zo daga baya a wurinsu na maƙwabtan shekara 100, to an tsaga hujjar mai cewa wane baƙo ne jiya ya zo. Shiru bai kare kowa ba a 2022. Jahiltar tarihin maƙwabci ita ce ta sauƙaƙa wa masu hura wuta aikinsu.

Saboda haka ga jerin aikin yadda na gan shi, kuma jerin yana da muhimmanci. A fara da rubutawa: kowane gari da kowane kambo ya zana taswirarsa, a naɗi muryoyin tsofaffi da Hausa da Fulatanci da Larabci, a ɗauki hoton littattafai da takardu a ajiye kwafi a fiye da wuri ɗaya, asalin kuma ya zauna hannun masu shi. Jami'ar Jazira da Jami'ar Sinnar su ne suka fi dacewa su jagoranci wannan, jami'o'in Bayero a Kano da Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da Abdu Mumuni a Yamai kuwa suna da masana rubutun ajami da tarihin hijira da za su iya ba da hannu, tun da rabin labarin a wajensu ya faro. Bayan rubutawa sai rajistar filaye, wadda aikin gwamnatocin jihohi ne da hukumar Jazira. Bayan wannan sai hukumar kayan tarihi ta Sudan ta ɗauki Sagadi da madatsa da babbar tur'a da zaɓaɓɓun garuruwa a matsayin yanki ɗaya na tarihi, ta hana sabuwar fasa dutse cin tsohuwar fuskar tsauni da wuraren kaburbura, domin sake gina ƙasa zai ta da buƙatar tsakuwa ƙwarai. Gyaran gine-gine shi ne na ƙarshe, kuma magina na gari su yi shi, a biya su, su koya wa yara.

Mu da ke Nijeriya da Nijar muna da namu kason. Mutanen nan jikokin waɗanda suka fita daga garuruwanmu ne, kuma Sudaniyawa ne cikakku, abu biyun ba sa karo da juna. Taimakon da ya dace daga gare mu shi ne na ilimi da kayan aiki da addu'a, ba na tsoma baki a siyasar ƙasarsu ba. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta a kai, ga fage. Attajirin da ke son sadaka mai gudana, ga na'urar ɗaukar hoto da albashin matasa biyu masu zaga gidaje. Tsofaffin da suka ji labarin Burmi daga bakin waɗanda suka gani da ido saura kaɗan, kuma yaƙi yana rage su fiye da yadda tsufa ke yi, don haka aikin naɗar muryoyinsu ba ya jiran sulhu.

Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya, Ya mai da kowa gidansa, Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu.